Darasi na 14: Zaɓen Ƙaramar Bindiga Mai Sakata da Ƙotar Katako

A ƙasashen da doka ta yarda farar hula ya mallaki bindigar farauta, irin su Amurka, Kanada, Ingila da Jamus, akwai wata 'yar ƙaramar bindiga da yawancin maharba suka fara koyon saiti da ita. Ba ta da ƙara sosai, ba ta dukan kafaɗa, harsashinta kuma shi ne mafi araha a kasuwa. Manomi a Ingila da ita yake rage zomayen da ke yi masa ɓarna a gona. Yaro a Amurka da ita yake bin mahaifinsa daji farautar kurege. 'Yan wasan Olamfik ma da 'yar'uwarta suke cin lambar zinariya. Ana kiranta da lambar harsashinta, wato .22, domin kaurin dalmar ya kai kashi 22 cikin ɗari na inci guda, kimanin milimita 5.6 ke nan.

A wannan darasi za mu ga yadda mai hankali yake zaɓen irin wannan bindiga idan yana son mai sakata, mai ƙotar katako. Abin da ido ke fara kamawa a shago shi ne kyan katakon, kuma nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. Kyan katako yana da nasa matsayi, amma shi ne na ƙarshe a lissafi.

Harsashi mai wuta a gefe

Ku ɗauki harsashin babbar bindiga ku juya gindinsa, za ku ga wani ɗan maɓalli a tsakiya. Shi allurar bindiga ke buga, ya ba da tartsatsi, albarushi ya kama. Harsashin .22 ba shi da wannan maɓalli. Gindinsa shafe yake, sai ɗan leɓe da ya kewaye shi. A cikin wannan leɓen aka zuba sinadarin da ke tada wuta, don haka allura gefe take buga, ba tsakiya ba. In kun tsinci kwanson da aka riga aka harba, za ku ga wata 'yar lotsawa a bakin gefen, kamar an danna da farce. Nan allurar ta sauka.

Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fito da wannan dabara a 1845. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya ɗauke ta ya yi harsashin .22 Short a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya fito da .22 Long Rifle, wanda ake taƙaitawa .22 LR. Shi ne har gobe ya mamaye kasuwa. Tunda tilas leɓen ya kasance mai laushi don allura ta iya lotsa shi, kwanson ba zai ɗauki albarushi mai ƙarfin gaske ba. Shi ya sa harsasan wannan dangi da ake yi yanzu ƙanana ne, kuma ba a sake cika kwansonsu bayan an harba.

Mai saye zai tarar da iri uku a gabansa. Dalmar .22 LR nauyinta kimanin giram 2.6 ne, tana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, gwargwadon irin da aka saya. Akwai .22 WMR da Winchester ya fitar a 1959, mai dogon kwanso da ƙarin ƙarfi. Akwai kuma .17 HMR da Hornady ya kawo a 2002, mai siririyar dalma da ke gudun da ya haura mita 750 a daƙiƙa, tana tafiya a miƙe har ta wuce mita 100. Waɗannan biyun sun fi nisan zango, amma sun fi ƙara, kuma kuɗin harsashinsu ya ninka. Ga mai koyo, shawara ɗaya ce: .22 LR. Hannu ba ya faɗawa sai da yawan harbi, yawan harbi kuwa sai da harsashi mai araha.

A nan akwai kashedi. An buga sunan harsashin da kowace bindiga ke ci a jikin bututunta, kuma shi kaɗai za a ba ta. Harsashin .22 LR zai shiga ɗakin harsashin bindigar .22 WMR, amma ɗakin ya yi masa faɗi, kwanson na iya tsagewa ya feso wa mai harbi wuta a fuska.

Me ya sa mai sakata?

Sakata ita ce sandar ƙarfen da ke bayan bututu, mai ɗan hannu a gefe. Ka ɗaga hannun, ka ja baya, tsohon kwanso ya yi tsalle waje. Ka tura gaba, ta ɗauko sabon harsashi ta cusa, ka danna hannun ƙasa ta kulle. Bajamushe Johann Nikolaus von Dreyse ne ya yi ta farkon da sojoji suka karɓa, a Furushiya a 1841, kamfanin Mauser kuma ya gyara fasalin har ya kai ga ƙirarsa ta 1898 da ake ta kwaikwayo.

Akwai bindigogin .22 masu ɗura kansu, irin Ruger 10/22 da ta fito a 1964, kuma suna da farin jini sosai a Amurka. To amma mai sakata ta fi su a wurare uku. Ba ta zaɓen harsashi, mai ƙarfi da mara ƙarfi duk tana ci, tunda hannunka ne ke aikin ba bugun albarushi ba. Kayan cikinta kaɗan ne, saboda haka lalacewarta kaɗan ce, wankinta kuma da sauƙi. Na uku, tana koya wa mutum natsuwa. Wanda ya san sai ya ja sakata kafin ya sami harbi na biyu, ba ya wasa da na farko. Ga kuma abin da iyaye ke so: ana zare sakatar gaba ɗaya a ɓoye ta a wani wuri dabam, bindigar ta koma sanda.

Tambayar da ake fara yi

Mai shago na kirki ba zai fara da nuna maka kaya ba. Zai ce, "Me za ka yi da ita?" Amsar ce ke yanke nauyi da tsawo da fasalin ƙota.

Wanda zai yini yana zagaya gona da ita a kafaɗa yana bukatar mara nauyi, kilo biyu da rabi zuwa uku, mai siririn bututu. Wanda zai zauna a filin harbi ya ɗora ta a kan teburi ko buhun yashi, mai kaurin bututu ta fi masa, domin nauyi yana kashe rawar hannu. 'Yan gasa kuwa tasu duniyar dabam ce. A gasar mita 50 ta Olamfik, da'irar tsakiya ta allon harbi faɗinta milimita 10.4 ne kacal, bindigoginsu kuma na iya kai kilo bakwai ko takwas. Wanda ya sayi irin wannan don farautar zomo, kafin azahar zai yi da-na-sani. Wanda kuma ya ce yana son guda ɗaya da za ta yi masa komai, sai ya ɗauki mara nauyin, ya haƙura da lambar zinariya.

Katakon

Yanzu mun zo inda magana take. Ƙota ba ado ba ce. Ita ce ke riƙe ƙarfen, ita ce ke haɗa shi da kafaɗa da kunci da hannuwa biyu. In ta motsa, saiti ya motsa.

Itacen da aka fi daraja shi ne walnot. Akwai na Turai da yankin Turkiyya, akwai kuma baƙin na Amurka. Maƙera sun zaɓe shi ne tun ƙarnoni saboda nauyinsa madaidaici ne, ba ya saurin tsagewa, yana karɓar sassaƙa mai ƙanƙanta ba tare da ya ɓarɓashe ba, kuma in ya bushe sosai ba ya yawan murɗewa. Bayansa sai itacen bic, wanda ake yi wa bindigogi masu sauƙin kuɗi. Farin itace ne mara zane, yawanci sai an rina shi, ya ɗan fi walnot nauyi, amma yana da ƙarfi, kuma ba ya rage wa bindiga saiti ko kaɗan. Na uku shi ne katakon haɗi: siraran falle-falle da ake liƙawa da gam mai ƙarfi a matse su har su zama dunƙule guda. Ya fi duka nauyi, ya kuma fi duka jure sauyin yanayi.

Kowa ya san ƙofar katako da ke ƙin rufuwa da damina, hunturu na shigowa kuma ta saki har ana hango waje ta tsagarta. Ƙotar bindiga ma haka take yi, tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Matsalar ita ce bututu yana kwance a cikin wani kwari da aka fafe a goshin ƙotar. In katakon ya kumbura ya tokare bututun ta gefe ɗaya, ko da kaurin gashi ne, bindigar da ta bugi tsakiya a watan jiya sai ta riƙa kaucewa hagu ko sama, mai ita yana ta zargin idonsa. Maganin da masu ƙira suka samo shi ne su faɗaɗa kwarin, bututun ya zauna a sake, bai taɓa katako ba tun daga gindinsa har baki.

Gwada wannan ba wuya. A ɗauki takardar kuɗi ko falle ɗaya na takarda, a naɗe ta a ƙarƙashin bututu ta wajen goshi, a riƙe bakinta biyu a ja ta baya a hankali. In ta zame sumul har kusa da inda bututu ya haɗu da gidan sakata, to a sake yake. In ta cije a tsakiya, nan katako ke taɓawa. Wasu tsofaffin ƙira da gangan aka yi su da ɗan tudu a ƙarshen goshi yana tallafe bututu, ko kuma da sukurun da ya ɗaure bututu da goshi tare, kuma da yawansu suna harbi lafiya lau. Abin gudu shi ne taɓawar da ba a shirya ba, wadda ke gefe ɗaya. A duba kwarin daga sama: in tazarar dama ta fi ta hagu, goshin ya fara karkacewa.

Sai jijiyar itacen. Wurin da ya fi kowane rauni a ƙota shi ne wuyanta, inda hannun dama ke kamawa a bayan kunama, domin nan ta fi siranta. A juya bindigar a haske a bi layukan katakon da ido. Abin da ake so shi ne su bi tsawon wuyan a miƙe, su ɗan lanƙwasa tare da shi. In sun gitta shi a karkace, rana ɗaya bindigar za ta faɗi daga jikin bango, wuyan ya ɓalle. Zane mai kama da hayaƙi ko igiyar ruwa, wanda ke sa a tsawwala kuɗi, wurinsa shi ne faffaɗan gindin ƙota, inda ba ya ɗaukar wahala. Ƙota mai zane a wuya da goshi kyan ɗan maciji ce. Gara mara zane mai miƙaƙƙiyar jijiya.

Shafin da aka yi wa katakon ma abin dubawa ne. Akwai mai ƙyalli irin na fanis, wanda ke hana ruwa shiga sosai, amma in ya kwarzane sai an kankare duka a sake. Akwai kuma na mai, wanda ake murzawa da tafin hannu har katako ya sha. Wannan bai kai na farko tare ruwa ba, sai dai gyaransa a gida ake yi. In ƙota mai shafin mai ta bugu ta lotsa, sai a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a wurin, a danna da dutsen guga mai zafi. Tururi zai shiga ya tada jijiyoyin da suka kwanta, lotsawar ta ciko, a goge a sake shafa mai. Tsumman da aka yi aikin man katako da shi kada a dunƙule shi a jefa a kwando, domin yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta. A shanya shi a fili ko a tsoma shi a ruwa. Kuma a leƙa cikin kwarin bututu da ƙarƙashin farantin gindi. Kamfanoni da yawa sukan ƙawata waje su bar ciki tsirara, ta nan kuwa laima ke shiga.

Gaskiya ita ce ƙotar roba ta fi katako jure ruwan sama, ta fi shi araha, ba ta kuma san damina ko rani ba. Mai zaɓen katako ya san da haka. Yana zaɓensa ne don ba ya ƙona kunci da sanyi, yana gyaruwa, ana iya rage shi ko a ƙara masa, kuma yana tsufa da kyau har jika ya gada. Dalilai ne masu kyau, amma suna tafe da ɗawainiya.

Ta dace da jikinka?

Wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci. Tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen gindin ƙota a yawancin bindigogin manya santimita 34 zuwa 36 ce. Ga mai gajeren hannu ko yaro ta yi tsawo, zai riƙa miƙa wuya yana banƙarewa baya. Akwai ƙirar yara mai gajeriyar ƙota, kuma katako ana iya yanke shi.

Sannan bayan ƙotar, inda kunci ke kwanciya. Ƙirar Turai ta gargajiya tana da ƙusumbi, ta gangara ƙasa, don ido ya sauka daidai da saitin ƙarfe da ke kan bututu. Ƙirar Amurka a miƙe take kuma ta fi tudu, domin an yi ta ne don madubin saiti, wanda ke zaune sama. In ka ɗora madubi a kan mai ƙusumbi, sai ka ga haɓarka ce ke kan katako ba kuncinka ba, kai kuwa in bai sami wurin zama ɗaya ba, harbi ba zai sauka wuri ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan an tabbatar babu harsashi, an kuma juya bakinta inda babu kowa, ka rufe ido, ka kai ta kafaɗa, ka kwantar da kunci yadda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe. In idonka ya faɗa kan saiti kai tsaye, taka ce. In sai ka ɗaga kai ko ka dunƙufar, nemi wata. Bahago kuma ya tambayi ƙirar hagu, domin wasu kamfanoni suna yi.

Bututu da kunama

A cikin bututu akwai tsagogi masu murɗawa da ke sa dalma ta riƙa juyi tana tafiya a miƙe. A .22 LR yawanci zagaye ɗaya ne cikin inci 16, kimanin santimita 40. Mutane sukan ɗauka dogon bututu ya fi ƙarfi. A wannan ƙaramin harsashi ba haka ba ne, albarushin ya gama aikinsa tun wajen inci 16 zuwa 18. Amfanin dogon bututu, irin mai inci 24, shi ne yana nisanta saitin gaba da na baya, abin da ke taimakon mai harbi da saitin ƙarfe, kuma yana ɗan rage ƙara. Mai madubi ba ya bukatarsa.

Bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da dalma ke taɓawa. A duba shi da kyau. Ko 'yar ƙaramar ɓantara ce a leɓensa za ta sa iskar albarushi ta fita ta gefe ɗaya ta ture dalmar.

Kunama kuwa ana so ta saki tsaf, ba tare da jan ƙafa ko gurzawa ba. Nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya dace da farauta. 'Yan gasa suna saukar da tasu har ƙasa da giram 200, amma wannan a daji haɗari ne, musamman ga yatsan da sanyi ya kama. Kada ka ja kunamar bindigar .22 babu harsashi sai da izinin mai ita. A ƙira da yawa, musamman tsofaffi, allurar za ta bugi ƙarfen bakin ɗakin harsashi, a hankali ta lotsa shi ita ma ta dakushe. Akwai harsasan roba da aka yi don wannan gwaji.

Su wa ke ƙerawa?

Sunan da aka fi ji a wannan fage shi ne CZ, da ake ƙerawa a garin Uherský Brod na Jamhuriyar Cek. Tsohuwar ƙirarsu ta 452 ta samo asali ne daga bindigogin Brno, kuma har yanzu masu ita ba sa son rabuwa da ita. Ta 455 ta zo da bututun da ake iya cirewa a sauya. Ta 457, wadda ta fito a 2019, ta rage ɗagawar hannun sakata daga digiri 90 zuwa 60 don kada ya riƙa gogar madubi, ta kuma juya makullin kariya. A 452 baya ake jan makullin in za a harba, a 457 kuwa gaba ake turawa. Wanda ya saba da ɗaya ya ɗauki ɗaya sai ya yi hattara.

A sama da su a tsada akwai Anschütz na birnin Ulm a Jamus, kamfanin da aka kafa a 1856, wanda gidan sakatarsa na Match 54 ya daɗe yana cin gasa. A ƙasa kuma akwai Mark II ta kamfanin Savage na Amurka, wadda katakonta ba abin a zo a gani ba ne amma tana harbi fiye da kuɗinta. Ruger 77/22 tana da gidan harsashi mai juyawa da ke ɗaukar goma ya kuma shige cikin ƙota sumul. Winchester Model 52, wadda aka fara sayarwa a 1920 aka daina ƙerawa a 1980, yanzu sai a hannun masu tara kayan tarihi da kasuwar na-hannu. Kafin ka biya kuɗin kowace, tambayi ko ana samun gidan harsashinta da allurarta a kasuwa. Bindigar da gidan harsashinta ya ɓata kuma babu na sayarwa ta koma mai cin ɗaya-ɗaya.

Kuma kada kuɗin ya ƙare a kan bindigar. Akwai madubi da zobban ɗaura shi, waɗanda tilas su dace da titin da ke saman gidan sakata, domin na Turai yawanci milimita 11 ne, na Amurka kuwa kashi uku cikin takwas na inci. Madubin da aka yi wa .22 an daidaita shi ne a kan kusan mita 50. Akwai akwatin ƙarfe na ajiya, akwai kuma harsashi. Kowace bindiga tana da irin da take so, ko da su biyu daga injin ɗaya suka fito. Sai a sayi ƙananan kwalaye na kamfanoni dabam-dabam, irin su Eley, CCI, SK ko RWS, a harba biyar-biyar a mita 50, a ga wanne ya fi tara ramukansa wuri ɗaya. Bindiga mai kyau da harsashin da ya karɓe ta takan tara biyar ɗin a cikin santimita biyu da rabi ko ƙasa da haka. In an daidaita ta a mita 50, a mita 100 dalmar takan sauka ƙasa da wajen taƙi guda, iska kuma tana kaɗa ta.

Ta hannu

Bututun .22 yana daɗewa ƙwarai, saboda dalmar mai laushi ce kuma zafin kaɗan ne, don haka tsohuwar bindiga sau da yawa ciniki ne mai riba. Abin da ke kashe su shi ne tsatsa da mugun wanki. A zare sakata a leƙa bututun a haske, a ga ko akwai wani baƙin zobe a ciki, alamar an taɓa harbi alhali wani abu ya toshe, bututun ya kumbura. A duba bakin ɗakin harsashi ko allura ta lotsa shi. A duba katakon da ke bayan gidan sakata: in ya yi baƙi ya yi laushi, man ƙarfe ne ya daɗe yana tsiyaya cikinsa, irin na bindigar da aka cika wa mai aka jingine a tsaye shekara da shekaru. A ɗan murɗa wuyan ƙota a hankali a ga ko wata siririyar tsaga za ta buɗe baki. Kawunan sukurori ma suna ba da labari. In duk an tauna su da sukudireban da bai dace ba, wani ɗan koyo ya shiga cikinta, kuma wataƙila har kunamar ya taɓa.

Doka da kiyayewa

A Ingila, ko wannan ƙaramar bindiga ba a mallakarta sai da takardar izini daga 'yan sanda a ƙarƙashin dokar makamai ta 1968. Sai ka kawo dalili mai ƙarfi, kamar gonar da aka ba ka izinin harbi a ciki ko ƙungiyar harbi da kake ciki, su kuma gamsu da inda za ka kulle ta. A Amurka, mai saye daga shago mai lasisi sai ya kai shekara 18, ya cika takarda, a binciki tarihinsa, wasu jihohin kuma suna da ƙarin sharuɗɗa. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu irin na yaƙi, na amfanin kai, da na ɗuri ta baki irin harba-ka-ruga. Bindigar da muke magana a kanta tana cikin gida na biyu, lasisinta kuma a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Riƙe ta babu lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma ƙanƙantarta ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Wannan ƙanƙantar ce ma ke yaudarar mutane. A jikin kwalayen harsashin ana rubuta cewa dalmar na iya yin illa har nisan da ya haura kilomita biyu. Tana kuma yawan tsalle in ta bugi dutse, busasshiyar ƙasa ko fuskar ruwa, ta kama wata hanya dabam. Saboda haka duk bindigar da aka miƙo maka, ka ɗauka akwai harsashi a ciki har sai ka buɗe sakata ka gani da idonka. Bakinta kada ya kalli mutum ko da wasa. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an gama saiti. Ba a harbi sai an san abin da ke bayan abin harbin, kuma an fi so ya zama tudun ƙasa. A toshe kunne, a sa tabarau, a wanke hannu bayan taɓa dalma kafin a ci abinci.

Aikin aji

1. Da kalmominka, bayyana bambancin harsashi mai wuta a gefe da mai wuta a tsakiya. Me ya sa na farkon ba ya iya ɗaukar albarushi mai ƙarfi?

2. Wani manomi a Ingila ya daidaita bindigarsa da bazara. Bayan makonni ana ruwa, sai ta riƙa bugun hagu. Me kake zargi, kuma da wane gwaji za ka tabbatar?

3. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Nawa ne tsawon bututu mai inci 16 da mai inci 24 a santimita? Shekara nawa ne tsakanin harsashin Flobert da fitowar .22 LR?

4. Ku je wurin kafinta ku biyu-biyu, ku roƙi guntun katako iri biyu, kamar maɗaci da farin katako. Ku nuna inda jijiyar kowanne ta dosa, ku tambaye shi tsawon lokacin da yake barin katako ya bushe kafin ya yi aiki da shi, da abin da ke faruwa in aka yi gaggawa. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar ku kawo aji mako mai zuwa.